Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan sokawen da ya ɓalle mana a unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙuri da jama'a. Mu ne talakawanka mazauna bayan kasuwa, dattawa da matasa da iyayenmu mata. Muna neman afuwa in harshenmu ya yi kaushi, wallahi abin ne ya kai mu maƙura.

Daren Alhamis ɗin da ta wuce bayan ruwan saman nan, sokawen gidan wanka da bahaya na bakin kasuwa ya sake ɓallewa. Wannan karon bai tsaya a kwata ba, ya bi lungu ya shiga zaurukan mutane, ya je ya kwanta a gindin rijiyar masallaci. Da asuba ladan ya ja guga ruwan ya fito baƙi yana wari, dole aka nemo jarka daga wata unguwa aka yi alwala. Kafin Asabar yara sun fara amai da gudawa. Wata baiwar Allah 'ya'yanta biyu suna kwance ana musu ƙarin ruwa, tana zaune a ƙasa tsakanin gadajen tana musu fifita da murfin kwano, mijin yana waje yana neman rancen kuɗin magani. Ranka ya daɗe ba ba mu labari aka yi ba, mun gani da idonmu.

Mun yi magana ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mun je wurin mai unguwa, mun je wurin dagaci, an zauna da mai wurin ya ce zai gyara, duba-gari sun zo sun leƙa sun tafi, an rubuta takarda, an sake rubuta wata, har mun daina ƙirgawa. Abin da ake yi kullum shi ne a kira motar yashe shadda ta zuƙe, bayan sati biyu ramin ya cika, ko kuma a haƙa sabon rami kusa da tsohon.

To sabon rami ba zai yi magani ba, Allah ya taimake ka. Kai ka fi mu sanin ƙasar nan, fadamar kogin Haɗejiya ce, laka ce, da damina ka haƙa kaɗan ruwa ya taso maka. Shi kuwa sokawe aikinsa ƙasa ta tsotse ruwan ƙazantar ta tace shi kafin ya kai ga ruwan da ke ƙasa. In ƙasar ta riga ta ƙoshi me za ta tsotsa? Ko ya dawo sama, ko ya bi ta ƙasa ya faɗa rijiya. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin rami ya fi ruwan ƙasa tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi. Mu nan ko ɗaya babu. Kuma ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, sai ga ambaliyar 2022 a bayanta.

Akwai yaranmu da suka karanci harkar ruwa, sun zaunar da mu sun mana bayanin matatar yashi, irin wadda ake yi a Amurka a wuraren da ruwa ke kusa ko ƙasa ba ta tsotsa. Da farko akwai tankin siminti, a ciki ƙazanta mai kauri ke kwanciya. Ruwan da ya taso sama shi ake turawa wani kwami da aka gina aka shafe ko aka shimfiɗe da leda mai kauri don kar ya yoyo, a zuba tsakuwa da bututu a ƙasa, a ɗora yashi kamar kamu na ƙafa biyu. Yashi fa wankakke mai gwari-gwari, ba rairayi ba, rairayi toshewa yake. Ruwan ana sakinsa kaɗan-kaɗan ne a bar yashin ya sha iska, ƙwayoyin halittar da ke manne jikinsa su cinye dattin. Sun faɗa mana gaskiya, ruwan da ya fito ba na sha ba ne, kuma sai an riƙa kankare saman yashin ana sauyawa, ana yashe tankin. Amma ya fi wannan masifar nesa ba kusa ba, kuma yashi da tsakuwa ba daga ƙasar waje za a kawo su ba, tifa ce kawai.

Don haka muna roƙo a rufe gidan wankan nan har sai an gyara. A turo injiniya daga ƙaramar hukuma ya auna zurfin ruwa ya duba ko matatar za ta zaunu a filin, in ta zaunu a tilasta mai wurin ya gina, tunda kuɗi yake karɓa a kan kowane mutum. A zuba magani a rijiyar masallaci a gwada ruwan kafin a buɗe ta, a gyara mana famfon tuƙa-tuƙan da ya mutu tun bara don mata su daina sayen ruwan 'yan garuwa da ba a san inda aka ɗebo shi ba. A hana haƙa sabon sokawe kusa da rijiya. Mu kuma matasanmu sun yarda za su yi aikin gayya, haƙa da ɗaukar yashi duk namu ne.

Sannan don girman Allah a rufe wurin nan tukuna, ranka ya daɗe, jiya ma a buɗe yake mutane na shiga, ga hadari yana haɗowa kullum da yamma. Muna roƙo ka tako da ƙafarka ka shigo lungun ko na minti biyar ne.

Allah ya ƙara girma.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar bayan kasuwa