Sitikar Intel da ke jikin kwamfuta ba ta isa shaida ba

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da ɗalibai a nan Sakkwato game da wani kuskure da nake yawan gani wajen sayen kwamfutar cinya ta hannu, musamman a lokacin da jami'a da kwalejoji suka koma karatu.

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kawo mini kwamfutar da ya saya wa 'yarsa mai shirin fara karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana murna domin mai shago ya nuna masa sitikar da ke jikinta mai ɗauke da rubutun Intel Core i7, ya kuma tabbatar masa cewa babu wadda ta fi ta. Da na duba cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwarta sai na ga i7-2620M, wato ƙirar shekarar 2011. Sunan na gaskiya ne, amma shekarun ne ba a gaya masa ba.

Wanda ya san tarihin Intel, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai gane dalilin da ya sa shekarar ƙira ta fi suna muhimmanci. Robert Noyce da Gordon Moore ne suka kafa Intel a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1968, bayan sun bar kamfanin Fairchild, kuma Andy Grove, wanda ya gudo daga Hangari a 1956, yana cikin ma'aikatansu na farko. Tun a 1965 Moore ya lura cewa adadin tiransista, wato 'yan ƙananan makunnan lantarki da ake jerawa a kan ɗan guntun silikon, yana ninkuwa duk shekara, daga baya a 1975 ya gyara hasashen zuwa duk shekara biyu. A kan wannan lissafi kamfanin ya ɗora kasuwancinsa. Ƙwaƙwalwarsa ta farko, 4004, wadda ta fito a 1971 domin na'urar lissafi ta kamfanin Busicom na Japan, tiransista 2,300 kacal ke cikinta, alhali ta yau tana ɗauke da biliyoyi. Abin da ke sauyawa da irin wannan sauri, tazarar 'yan shekaru a cikinsa ba ƙaramar tazara ba ce.

Ita kanta sitikar dabarar talla ce. Bayan kamfanin IBM ya zaɓi ƙwaƙwalwar 8088 ta Intel don kwamfutarsa a 1981, kuma bayan Grove da Moore sun janye kamfanin daga ƙera ma'adanar bayanai a 1985 saboda kamfanonin Japan sun karya farashi, sai Intel ya ga yana buƙatar mai saye ya san sunan abin da ke ɓoye a cikin akwati. Daga nan aka fito da tambarin Intel Inside a 1991, aka biyo da sunan Pentium a 1993. Dabarar ta yi aiki fiye da kima, tunda ga shi har a kasuwanninmu sitika ke yanke ciniki. Sai dai sunan i7 tun 2008 ake amfani da shi, kuma an liƙa shi a kan zubi daban-daban sama da goma.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. In ban da zubi na farko mai lambobi uku kacal, lambar farko da ke bin sunan ita ce ke nuna zubin: 2620M zubi na 2 ne, 8250U kuma zubi na 8, daga zubi na 10 zuwa sama kuwa lambobi biyu na farko ake dubawa. Ita i5-8250U ta 2017 injinan lissafi huɗu gare ta a ciki, waccan i7 ta maƙwabcina biyu ne, saboda haka ƙaramar a suna ta fi babbar aiki, ta kuma fi ta tattalin batir da rashin ɗaukar zafi, abin da duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta a Sakkwato cikin watan Afrilu ba wutar lantarki ba fanka zai san darajarsa. Ga kuma wata matsalar: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idarsa daga zubi na 8 yake karɓa, in ban da 'yan kaɗan.

Ban ce a guji tsohuwar kwamfuta ba, domin kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma ta 2011 tana iya buga takarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar da ita da kuɗin ta 2017. Ina kira ga 'yan'uwanmu masu shaguna da su riƙa rubuta cikakkiyar lambar a kan rasit, kai kuma Edita, ina roƙon ka ware wani ɗan shafi da zai riƙa bayanin irin waɗannan lambobi da Hausa kafin lokacin rajistar ɗalibai na gaba.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Mabera, Sakkwato.