Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato: Asirin Wa Muke Rufawa?

Mai Girma Gwamna, Dokta Ahmad Aliyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ya ɗora maka.

Ni ungozoma ce. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa a asibitin gwamnati har na ajiye aiki, amma a unguwa ungozoma ba ta ritaya. Har gobe, idan wani abu ya sami mace wanda ba a son duniya ta ji, ƙofata ake ƙwanƙwasawa, kuma galibi sai bayan isha'i, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Abin da nake gani a irin wannan lokaci, wato matsalar fyaɗe, shi ya sa na rubuto maka.

Da daminar bara wata mata ta shigo mini da ɗiyarta, yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, mai tallar awara. Ta lulluɓe da hijabin uwarta har yana jan ƙasa. Na shimfiɗa tabarma, ta kasa zama sosai, sai ta ɗosana a gefe. Uwar ta ce, "Inna, ɗiyag ga kwana huɗu ba ta ci ba ta sha." Ban tambayi komai ba sai da na dama mata fura. Can uwar ta faɗi abin da na riga na gani. Wani magidanci ne ya ce zai saye awarar duka, ta biyo shi wani kango ta karɓi kuɗi.

A cikin kwana huɗun nan an yi abubuwa da yawa. An gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa. An wanke tufafinta da omo an shanya. An zauna a zauren wani dattijo, dangin mutumin sun kawo kuɗi a ambulan da buhun shinkafa, an ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, a rufa asiri, an shafa fatiha. Abu ɗaya ne ba a yi ba: ba a kai ta asibiti ba.

Ranka ya daɗe, bari in faɗi abin da kwana huɗu ke nufi a wurinmu ma'aikatan lafiya. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, ana shansa kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. Idan aka wuce haka, ƙofar ta rufe. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana iya aiki har awa 120. Shaidar da likita zai rubuta wa kotu kuwa, rabinta a jikin yarinyar take da tufafinta, ruwa da omo sun tafi da ita. Wato lokacin da dattawa ke zaune suna lissafin nawa za a bayar, agogon yarinyar yana tafiya. Mun tsira da maganin hana ɗaukar ciki, na ƙanjamau ya kuɓuce mana. Wata uku muka yi muna zullumi kafin gwaji ya kwantar mana da hankali.

Mutumin yana nan. Yana sallah a sahun gaba. Yarinyar ce aka cire daga Islamiyya, domin yara sun fara yi mata waƙa a hanya, aka tura ta ƙauye wurin kakarta. To, asirin wa aka rufa?

Ba zan ce ba a yi komai a jihar nan ba, ƙarya zan yi. A shekarar 2020 aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda wadda aka yi wa fyaɗe za ta sami likita da mai ba da shawara a wuri ɗaya, ba tare da an ce ta biya ba. A watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A 2021 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a da dokar kare yara a jiharmu, shekara shida bayan dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015. Waɗanda suka yi wannan ɗawainiya, Allah ya saka musu. Sai dai mu tuna cewa babban ƙarfin da ya tayar da aikin daga waje ya zo, daga shirin haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya wanda ya zaɓi Sakkwato cikin 'yan jihohin da ya yi aiki, kuma wa'adin shirin ya riga ya cika. Kayan aro ba ya rufe katara. Ina roƙon a ware wa wannan aiki kasonsa da sunansa a kasafin kuɗin jiha, kuma a riƙa sakin kuɗin, domin mun san bambancin abin da aka karanta a majalisa da abin da ya iso hannun mai sayen magani.

Sannan ƙananan hukumominmu 23 ne. Matar da ke Isa ko Sabon Birni, ko Tangaza da Gudu, yaya za ta iso birni cikin awa 72, a hanyar da namiji ma sai ya yi shahada yake binta? Kuma a can ne ciwon ya fi tsanani. Matan da 'yan bindiga suka sako bayan an biya kuɗin fansa, kowa ya san abin da ya sami da yawansu a daji, kowa kuma ya yi shiru. Wata ta dawo da ciki, miji ya ƙaurace wa ɗakinta, kishiya ta sami abin gori. An sayar da gona an fanso ta, sai a ga kamar magana ta ƙare ke nan. Ɗaki ɗaya mai ƙofar da ke rufuwa a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, da ma'aikaciya mace da aka horar, da maganin nan a cikin kabad ba a takarda ba, ba zai fi ƙarfin gwamnati ba.

Amma ba wannan ne babban dalilin wasiƙata ba. Raunin jiki, in an kula, mako kaɗan ya warke. Wanda ba ya warkewa da ɗinki shi ne na zuciya, kuma shi ba a asibiti yake warkewa ba, a gida da unguwa yake warkewa ko ya ruɓe. Na ga budurwa ta koma fitsarin kwance. Na ga wadda ke zabura cikin barci tana ihu. Na ga wadda da ta ji ƙamshin wani irin turare sai jikinta ya ɗauki rawa, har bayan ta yi aure ta haihu. Mutanenmu sai su ce iska ce ta taɓa ta, a yi ruƙiyya, a ba ta rubutu. Ba na raina addu'a, ni ma da ita nake kwana nake tashi. Amma yarinyar nan tana bukatar wanda zai zauna ya saurare ta ba tare da ya tambaye ta me ya kai ta kangon ba. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, da masana a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai ka ce wa uwa ta kai ɗiyarta Kware, ka ga yadda fuskarta za ta canja: an ce an lalata ta, yanzu kuma a ce ta haukace? Gara ilimin ya fito daga can ya shigo unguwa.

Kuma mu Sakkwatawa ba sai an koya mana yadda ake yin haka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta ga matan karkara ba za su iya zuwa wurinta duka ba, sai ta zaɓi dattijai masu hankali da amana, ta karantar da su, ta naɗa musu malfa, aka kira su jajis. Su ke shiga ƙauyuka suna tara mata, su koyar, su ji matsalolinsu, su komo mata da labari. 'Yan Taru ke nan, kuma ta rasu tun 1864 amma sunansu bai ɓace ba. A yau ma kowace unguwa tana da irin waɗannan mata: malamar Islamiyya, ungozoma, mai wankan gawa, 'yar agajin ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, tsohuwar da kowa ke kai wa ajiya. Su ake fara gaya wa, kafin ɗan sanda, kafin likita. Abin da suka rasa shi ne horo da goyon baya. A zaɓi biyu ko uku a kowace mazaɓa, masana su koya musu abin da ake yi a daren farko: kada a yi wanka, kada a wanke tufafi, a nufi asibiti. A koya musu yadda ake sauraro, da alamomin da ke nuna lallai sai likitan ƙwaƙwalwa ya gani. A ba su waya da kuɗin mota da ɗan alawus. Mafi muhimmanci, a sanar da kowa cewa gwamnati na bayansu, domin ni kaina an taɓa aiko mini da saƙo cewa in ci tuwona in bar shiga abin da ba ruwana.

Su ne za su riƙa leƙa yarinyar bayan wata ɗaya, bayan wata shida, lokacin da kowa ya manta. Su ne za su je wurin shugabar makaranta su ce a mayar da ita aji. Su ne za su tara iyaye mata da abin ya shafa su zauna tare, domin uwar ma mara lafiya ce, tana kwana tana cewa da ban ɗora mata tallar ba. Ita kuwa tallar ba don marmari ake ɗora ta ba. A nan Hukumar Zakka da Waƙafi tana da rawar takawa: ɗan jari ga uwa, kuɗin makaranta ga ɗiya.

Kada in manta, ba mata kaɗai ba ne. Yara maza, musamman almajirai masu kwana a shaguna da tasha, ana yi musu, kuma su ko ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba su da ita.

Sai maganar malamai da sarakuna. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukan garin nan ta fito da hukuncin ƙarara: wanda ya tilasta wa mace, haddi a kansa yake, kuma zai biya ta sadaki, ita kuwa babu uƙuba a kanta. Me ya sa ba mu jin wannan a huɗubar Juma'a? Muna jin wa'azi a kan shigar mata da yawon talla, amma da wuya liman ya ce wa jama'a wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da laifi, mai yi mata gori shi ne mai zunubi, saurayin da ya aure ta bai yi asara ba. Ma'aikatar Harkokin Addini tana hannunka. Kalma ɗaya daga mumbari ta fi taron bita goma a otal.

Haka nan ina roƙon ka zauna da Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a fitar da umarni ga iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni cewa fyaɗe ba rikicin iyakar gona ba ne, ba a sulhunsa a zaure. Na san abin da ke kai talaka ga karɓar ambulan. Na taɓa raka wani uba wani ofishi, aka ce ya kawo kuɗin mai, ya kawo kuɗin fayil, shari'a kuma aka yi ta ɗage ta har ya gaji ya ce ya bar wa Allah. In ana son mutane su daina sulhu, sai hanyar kotu ta fi zaure sauƙi: lauya kyauta, zama a keɓe ba a gaban 'yan kallo ba, da wa'adin gama shari'a.

Yarinyar nan ta zo gaishe ni da Sallah babba. Ta yi tsawo, ta rame. Ta ce mini a izu goma sha biyu ta tsaya, kuma a ƙauyen babu makarantar da za ta ci gaba. Ta tambaye ni ko akwai ranar da za ta dawo gida ta koma ajinsu. Na rasa abin da zan ce mata, sai na ce zan rubuta wa Gwamna in tambaye shi. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ita ce dariyarta ta farko da na ji tun daren da aka kawo mini ita.

Wassalam.

Taka,
Wata tsohuwar ungozoma,
Birnin Shehu.