Wasiƙa zuwa ga 'yata da aka danƙa wa kula da ɗalibai a makarantar kwana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ya ke 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso, kuma na fahimci cewa shugabar makarantarku ta ɗora miki kula da ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai, tare da aikin ba da shawara ga 'yan ƙaramar sakandare, ƙari a kan lissafin da kike koyarwa. Na yi miki murna, na yi miki addu'a, amma na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto miki, domin ki samu abin komawa idan aiki ya yi nauyi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, duk halin da kika ga yarinya ta nuna, ki nemi dalilinsa kafin ki yanke mata hukunci, domin ruwa ba ya tsami banza. A makarantunmu an saba raba ɗaliba gida uku: lafiyarta a hannun nas da metiron, ɗa'arta a hannun malamar ladabtarwa, karatunta a hannun malaman aji, kowa ya tsaya a kan nasa. Yarinyar kuwa ɗaya ce, kuma yunwar da ta hana ta barci da dare ita ce ta sa ta gyangyaɗi a aji, ita ce kuma ta sa ta mayar wa malami baƙar magana. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantun gaba da firamare, amma a wurare da yawa da na yi aiki abin bai wuce allo a ƙofar wani ofis da ke kulle ba. Ba na so naki ya zama haka. Aikin nan ba a ofis ake yin sa ba, a bakin famfo ake yin sa, da ɗakin cin abinci, da tsakanin gadaje.

Ki fara da 'yan aji ɗaya. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12 ce, wadda wataƙila ba ta taɓa kwana nesa da mahaifiyarta ba, an sauke ta da akwatin ƙarfe da bokiti da ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, an yi mata nasiha an juya. Ki riƙa fitowa bayan sallar asuba ki tsaya nesa kaɗan da inda suke ɗibar ruwa. Za ki ga wadda ta cika bokiti ta kai, ta dawo ta cika wani, ta sake dawowa, alhali ita kanta ba ta yi wanka ba. Ruwan siniyoyi take ɗiba. Idan an buga ƙararrawar karin kumallo tana can tana wanke kayan makarantar uwar ɗakinta, kafin ta iso koko ya ƙare. Wannan yarinya ce malami zai kawo miki ƙararta da hantsi, ya ce ba ta da aiki sai barci, kuma idan ba ki ga abin da ya faru da asuba ba, za ki hukunta wadda aka zalunta. Haka nan ki shiga ɗakin cin abinci ba tare da sanarwa ba, ki ɗanɗani gabzar da ake ba su, ki lura da wadda kwanonta ke wucewa zuwa teburin manya. Tsarin uwar ɗaki da 'yar ɗaki yana da amfani idan babbar tana da tausayi, don haka kada ki rushe shi, amma ke ce za ki san wa aka haɗa da wa. Kada kuma ki taɓa barin bulala a hannun ɗaliba, ko da ita ce shugabar ɗalibai, domin wadda aka daka a aji ɗaya tana jiran ta kai aji shida ta rama a kan wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Akwai kuma mai fitsarin kwance, kuma kusan kowace shekara sai an samu. Idan kika bari aka bi ta da waƙar amalala, aka ɗora mata katifa a ka aka zagaya da ita, kin rasa ta, ba za ta ƙara ɗaga hannu a aji ba har ta bar makarantar. Ki matsar da gadonta kusa da ƙofa, ki samar mata leda, ki sa a tashe ta cikin dare a asirce, ki kai ta wurin nas. Sau da yawa tsoron fita banɗaki cikin duhu ne, fitila ɗaya a hanya sai ta raba ta da matsalar.

Game da rashin lafiya, ba likita ba ce ke, amma idonki ne na farko. Da damina da kaka zazzaɓin cizon sauro ne zai fi kwantar miki da yara, saboda haka ki duba gidan sauro da kanki, domin wasu a akwati suke ajiye shi. Da bazara kuwa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ki ji tsoron sanƙarau, wanda cunkoso da rufe tagogi ke taimaka wa yaɗuwarsa. Duk yarinyar da ta haɗa zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, asibiti za a nufa da ita nan take, ko da tsakar dare ne. Ki san masu sikila da sunayensu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon wannan ciwo, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi a ƙasar nan duk shekara, don haka da wuya ɗakinki ya rasa mai shi. Irin wannan yarinya ba a sa ta tsallen kwaɗo, ba a tsayar da ita a rana, ba a barin ta wanka da ruwan sanyi da hunturu, kuma idan ta ce ƙasusuwanta na ciwo ki yarda da ita. Ki ajiye audugar mata a ɗakinki. Da yawa daga cikinsu a hannunki za su fara ganin al'ada, wasu ba wanda ya taɓa yi musu bayani, kuma yarinyar da take ƙin zuwa aji kwana uku a kowane wata ba lalaci ke damun ta ba. Ki zaunar da su ki koya musu tsafta da hukuncin wanka da salla, cikin sakin fuska.

Wata rana za a zo a ce miki aljanu sun tashi, ɗaya ta faɗi tana ihu, wasu sun bi ta. Ba na musun abin da addini ya tabbatar, kuma ba na hana addu'a. Sai dai na lura abin ya fi yawa gab da jarrabawa da lokacin da hankalin yara ya tashi, kuma taron 'yan kallo yana ƙara masa ƙarfi. Ki watsa taron, ki raba waɗanda suka faɗi, ki yi musu magana a hankali, a yi musu addu'a, sannan a auna jininsu, a duba zazzaɓi da farfaɗiya, a tambayi yaushe rabonsu da abinci. Kada ki yarda a daki yarinya da sunan fitar da iska.

Tsoron da yaran yanzu ke kwana da shi mu ba mu san shi ba a zamaninmu. Sun ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, kuma wasunsu daga ƙauyukan da aka tasa suka fito, wata ma an kashe mata uba ko an biya kuɗin fansar wani nata. Ƙarar babur da dare ta isa ta hargitsa ɗaki guda. Kada ki ce musu ba komai, domin sun san akwai komai. Ki gaya musu abin da aka tanada, wa ke gadi, ina za a taru, wace ƙofa za a bi, ku kuma gwada shi da rana tsaka har su saba. Wadda kika ga ta daina magana, ko tana firgita cikin barci, ko karatunta ya faɗi bayan hutu, ki tambayi abin da ya faru a garinsu.

Kada ki ɗauka ina cewa a bar yara su yi abin da suka ga dama. Makarantar da ba doka, raunana ne ke shan wahala a cikinta. Ina cewa ne hukunci ya zama don gyara, kuma abin da wulaƙanci ke koya wa yaro shi ne ɓoye laifi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa ce masa ko tir ba. Ba za mu kai wannan matsayi ba, amma shi ne ma'auninmu. Kada ki yi hukunci kina cikin fushi, kada ki hana abinci, kada ki zagi iyayen yarinya, kada ki kira ta daƙiƙiya a gaban 'yan uwanta. Idan an kama wata da satar sabulu ko sukari, dole ta mayar ta kuma nemi gafara, amma a ɗakinki, ba a taron safe ba, sannan ki bincika ko akwai mai zuwa mata ranar ziyara. Ranar nan ki bar masu shimfiɗa tabarma da kuloli, ki nemi waɗanda suka koma bayan aji suka zauna don ba mai zuwa musu, ki aike su wani ɗan aiki a gidanki, su ci abinci tare da jikokina.

Za su kawo miki sirrinsu idan sun ga bakinki na da nauyi, kuma ranar da maganar ɗaya ta fito a ofishin malamai, ranar ce ta ƙarshe da wata za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa. Amma ki gaya musu tun farko cewa akwai abin da ba za ki rufe ba: idan wani malami ko ma'aikaci yana neman yarinya da lalata, ko tana maganar halaka kanta, ko ta fara shan ƙwaya. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma bai ɓace ba, haka ma tiramadol, kuma 'yan mata ba su tsira ba. Irin wannan magana ki rubuta ta da kwanan wata, ki kai wa shugaba a ranar. Idan malami ne, kada zumuncin aiki ko roƙon a rufa asiri ya sa ki yi shiru. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, akwai hukumar rajistar malamai ta TRCN mai ikon ladabtar da irinsa, kuma kafin su duka akwai Allah da zai tambaye ki amanar 'ya'yan mutane.

A kan karatu, ki gwada kowace 'yar aji ɗaya ita kaɗai, ki ba ta ɗan sakin layi ta karanta miki, da Hausa da Turanci. Za ki tarar da waɗanda suke kwafe allo tsaf da kyakkyawan rubutu alhali ba sa iya karanta abin da suka rubuta, kuma daga cikinsu ne masu surutu a bayan aji da masu fakewa da ciwon ciki suke fitowa. Ki ware musu rabin awa a lokacin karatun dare, ki haɗa su da manyan ɗalibai masu haƙuri. A darasinki kuma kada ki ji kunyar warware lissafi da Hausa har su gane, sannan ki ba su kalmominsa na Turanci, tunda da shi WAEC da NECO za su tambaye su, kuma sai da kiredit biyar, har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin fannoni, ake shiga jami'a. Yarinyar da aka bari ta kai aji shida ba ta iya karatu ba, ita ce ake tara wa kuɗi a saya mata amsa. Dokar 1999 ta mai da maguɗin jarrabawa laifin da ake ɗauri a kansa, amma ba don tsoron ɗauri nake roƙon ki nisance shi ba, sai don wadda aka ba amsa yau ita ce gobe za ta riƙe allura ko alli. Ko an matsa miki, ki ce mahaifiyarki ta hana ki.

Bayan kowane hutu ki ƙirga gadaje. Wadda ba ta dawo ba cikin mako biyu, ki nemi gidansu, domin ko kuɗin mota ne ya gagara, ko maganar aure ta taso. Kada ki je wa iyaye da faɗa ko nuna kin fi su sani. Ki fara da mahaifiyar, ki nuna mata sakamakon 'yarta, idan ta kama ki nemi taimakon mai unguwa ko liman ko wani dattijo a ƙungiyar iyaye da malamai. Akwai iyayen da ke amincewa a jinkirta biki har a gama jarrabawa idan an zo musu da ladabi, akwai kuma mazan da ke yarda matarsu ta ƙarasa.

Ki samu littafi mai kauri, kowace yarinya da shafinta: garinsu, wanda ke riƙe da ita, lambar da za a kira, ciwon da take da shi, da abin da kika lura. Ki riƙa kulle shi. Ki kuma roƙi shugaba ta haɗa ki da wata malama da za ku riƙa karɓa-karɓa, domin yaranki na gida su ma suna da haƙƙi a kanki, maigidanki ma haka, kuma ki yi shawara da shi kafin ki fara shigo da ɗalibai gida. Idan kun samu hutun zango ki zo mu zauna, ki ba ni labarin waɗanda suka fi damun ki ba tare da ambaton suna ba, mu duba tare.

Mahaifinki yana gaishe ki, yana sa miki albarka. Ki gaishe mini da maigidanki da yara. Allah ya yi miki jagora, ya tsare ku da ɗalibanku.

Wassalam,
Mahaifiyarki.