A Haɗa Ƙwallo Da Rajistar Makaranta

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan ƙungiyar agaji da ta raba wa yara ƙwallaye da riguna a Katsina. Madalla, amma rabon kaya kaɗai ba ya kai yaro aji.

A unguwarmu ta Ƙofar Sauri, yaran da ake fama da su kafin su tafi makaranta, da la'asar sun cika fili, wasu ko takalmi babu. Kocinsu, wani matashi da ba a biyansa ko sisi, sun fi jin maganarsa fiye da ta iyayensu.

Shawarata, a tallafa wa irin waɗannan kociyoyi, sannan duk yaron da zai buga gasa ya kawo shaidar zuwa makaranta daga hedimasta. Ranar wasa kuma a kawo ma'aikacin lafiya ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a bakin fili, musamman da damina.

Naku,
Wani mai karatu daga Katsina