Tsofaffin radiyeta ba lallai a cire su ba

Edita, assalamu alaikum. Ina Manchester a Ingila, kuma duk hunturu sai na ji yan uwanmu na cewa radiyetan gidansu, wato karafan nan da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su dumama daki, sun tsufa dole a sayi sabbi. Haba dai! Nawa sun girmi babban dana, da saman daya yayi sanyi saboda iska ta makale a ciki, sai na sa dan karamin makullin fitar da iska na murda, iska ta fita tana fiii har ruwa ya dan digo, shikenan zafi ya dawo. In kasan ne ke sanyi to laka ce da tsatsa suka taru a ciki, a kira mai aikin famfo ya wanke bututun. Wanda ya fara yoyo kam gaskiya a canza shi kafin ya jika kafet.

Naku, wani mai karatu daga Manchester