Wasiƙa daga Agege kan mai yi wa ƙanwarka barazana a ɓoye

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, na samu saƙonka game da ƙanwarmu da ke zaune a Idi-Araba, da wanda yake bin ta da zagi da barazana a Facebook da WhatsApp da sunan bogi. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, kuma ban goyi bayan masu cewa ta rufe shafinta ta yi shiru kawai ba.

Ka gaya mata kada ta goge komai, kada kuma ta mayar masa da martani. Ta ɗauki hoton kowane saƙo tare da kwanan watansa da adireshin shafin da lambar da aka turo shi da ita, sannan ta adana wayar kanta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro hujja daga cikinta kafin kotu ta karɓa.

Dokar da ta shafi lamarin ita ce ta Laifukan Intanet ta 2015, sashe na 24. An yi wa sashen gyara a 2024 bayan Kotun ECOWAS ta ce yana tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, saboda haka zagi tsagwaronsa yana da wuyar kai mutum kurkuku yanzu. Amma barazanar da ke jefa mutum cikin tsoron kisa ko rauni tana nan a matsayin babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10, kuma a nan nake ganin ƙarfin ƙararta yake, tunda ya ce ya san gidan da take.

Tona asirinsa aikin hukuma ne. Sashe na 38 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu amfani da su na shekara 2, kuma yanzu da aka haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, lambar da ya yi amfani da ita a WhatsApp ta fi komai daraja, domin neman bayani daga kamfanin Amurka da ya mallaki Facebook da WhatsApp yana ɗaukar dogon lokaci. Sai lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga 'yan sandan binciken manyan laifuka da ke Alagbon a Ikoyi, shari'ar kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Idan kuɗin lauya ya gagara, gwamnatin jihar Legas tana da ofishin lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Bayan an gano shi, tana iya neman diyyar ɓata suna.

Ina roƙonka ka ja kunnen samarin gida kada su taɓa wanda suke zargi, domin zato ba hujja ba ne a kotu. Ranar Litinin, in Allah ya yarda, ni da maiɗakina za mu raka ta wurin lauya.

A gaida Hajiya da yara.

Amininka,
daga Agege, Legas