Batun bidiyon mawaƙan nan naka biyu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya zaman nesa? Da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, kuma wallahi na ji daɗi da aka damƙa maka bidiyon waƙar haɗakar nan, ga shi kai ne darakta kai ne furodusa. Allah ya sa albarka. Tunda ka nemi shawarata bari in faɗa maka abin da ke raina.

Kyamara ba za ta ba ka wahala ba, na san hannunka. Mutanen nan biyu su ne aikin, kowa da sunansa, kowa da manajansa da masoyansa, kuma kowannensu yana lissafin sau nawa fuskarsa ta fito ko da bai furta ba. Don Allah kafin ka ɗauki ko sin ɗaya, wato fitowa ɗaya ta bidiyon, ka zaunar da su tare da manajojinsu a rubuta komai, sunan wa zai fara zuwa a jikin take, a tashar YouTube ɗin wa za a ɗora, wa ya mallaki bidiyon, yaya za a raba abin da ya shigo, sannan wa ke da bakin cewa a canza wani abu a editin kuma har sau nawa, don in ba ka sa wa wannan iyaka ba to haka za ka yi ta gyara, wannan ya ce a ƙara shi wancan ya ce a rage. In ɗayansu yana ƙarƙashin kamfani ka karɓi izinin kamfanin a rubuce. Mawaƙi zai iya amsa maka da zuciya ɗaya, daga baya kamfani ya shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka a sauke bidiyon ana tsakiyar kallo.

Ni a ganina yi musu adalci ba shi ne ka riƙe agogo kana raba daƙiƙa daidai wa daida ba. Waƙar ce za ta yi rabon. Mai baiti shi ke da kyamara a baitinsa, in an zo amshi ka haɗa su a firem ɗaya, wato cikin hoto ɗaya. Inda ake cin amana shi ne wajen kula, a ɓata rabin yini ana gyara wa babban haske, ƙaramin kuma a ɗauke shi a gurguje rana na faɗuwa kowa ya gaji. Mai kallo yana gane wannan ko bai san sunan fitila ɗaya ba. In launin fatarsu ya bambanta kowa ka yi masa nasa hasken, kar ka saita wa mutum ɗaya ka ce ɗayan ya shigo haka nan. Kuma lokacin da ɗaya ke rerawa kar ka manta da ɗayan, kallon da yake yi wa abokinsa, ɗan murmushin nan, gyaɗa kai, a nan ne mutane ke yarda cewa da gaske tare suka yi waƙar.

Kar ka fita shutin sai an gama haɗa sautin waƙar gaba ɗaya an rufe, in aka canza tsawon waƙar ko saurinta bayan ɗauka bakinsu zai iya saɓawa da sauti. A lokeshan ka ƙure sifika, ka sa su rera da murya sosai, mamin, wato motsa leɓe kawai ba murya, ba ya motsa wuya da ƙirji, a hoto ana ganin ƙaryar. In kana son hoton ya riƙa motsi a hankali amma baki ya dace da sauti, ka ɗauka a firem 48 a daƙiƙa, ka kunna musu waƙar da ninki biyu na saurinta, in ka mayar da hoton firem 24 a daƙiƙa wajen editin komai zai zauna. Sai dai ka tura musu mai saurin tun da wuri su saba da ita.

Yanzu in jadawalinsu ya ƙi haɗuwa dole ka ɗauki kowa daban, to ka rubuta tsayin kyamara, nisanta, gefen da haske ke fitowa da inda kowa ke kallo, yadda in edita ya jera su za a ga kamar suna fuskantar juna. Amma ka yi iya ƙoƙarinka ka samu ko ɗan lokaci ne su tsaya wuri ɗaya, ba dabarar da ke maye gurbin wannan.

Ka tuna kuma za a yanka guntaye na tsaye, 9:16, don TikTok da Instagram bayan na kwance 16:9, ka bar sarari a firem kar a yanke rabin jikin mutum ɗaya. Kayan da ka ɗauka ka kwafe su wuri biyu kafin ka kwanta.

Maganar riƙe aiki biyu kuwa ita ta fi damuna. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, ranar ɗauka kai darakta ne kawai, ka samu wanda ka yarda da shi ya riƙe kuɗi da lokaci da takardar izinin wuri, don idonka ya tsaya kan mawaƙan.

Turo min waƙar da tsarin da ka rubuta in duba kafin ku zauna. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Abokinka